Kantar ƙarfe mai hawa da sauka a siton kicin: abin da ta iya, da inda take ba da kunya

Yawancin gidajen haya na bene a Jidda da Makka, waɗanda a nan ake ce wa shagga, suna da ɗan lungu a gefen kicin da masu gida ke kira makhzan ko mustauda, mu kuma mu ce sito. Da wuya faɗinsa ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma sau da yawa haka ake miƙa wa ɗan haya mabuɗi, bango huɗu babu ko ƙusa. Tun bayan rusau ɗin Jidda na ƙarshen 2021 zuwa 2022, da ya tashi unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil, iyalai da dama da suka saba da tsakar gida sun koma irin wannan matsatsi. Buhun shinkafa a ƙasa, katan ɗin ruwa a kansa, robar kuka da ta daddawa da aka aiko daga gida a can bayan ƙofa. Watan azumi na kamawa a ƙara kwalaben Vimto da gwangwanayen Quaker da dabino, wurin taka ƙafa ma ya gagara.

Abin da za mu duba shi ne kantar nan da ake sayarwa a shagunan kayan gini da manyan kantuna irin su SACO: sandunan ƙarfe masu jerin ramuka da ake ɗaurewa a tsaye jikin bango, da hannaye, wato hamil, da ake saƙalawa a ramukan, sai a ɗora katako a kai. Hukuncinmu a taƙaice: a duk nau'in kantar bango babu wadda ta fi ta dacewa da sito, amma rabin kaya ake sayar maka. Ƙarfen yana da kyau. Sukurun da ke zuwa cikin ledarsa da katakon da mai shago zai fara nuna maka, su ne ke kayar da ita, kuma mai sayarwa ba zai tambaye ka irin bangon gidanka ba.

Iri biyu ne a kasuwa, mai layin rami ɗaya da mai layi biyu. Na sito a ɗauki mai biyu. Hannunsa lanƙwasasshen ƙarfe ne mai fuska biyu, yana kama sanda ta dama da hagu, don haka ba ya rawa in an ja abu daga kan kanta. Mai layi ɗaya falle ne, ya ishi ɗora littafi ko kayan ado, amma in uwargida ta jawo tukunya ta gefe sai ya karkace. Ramukan mai biyu galibi tazarar milimita 32 ke tsakaninsu, ke nan ana iya ɗaga kanta ko sauke ta da kamar yatsu biyu ba tare da an sake taɓa bango ba. Wannan ne babbar fa'idarta, domin kayan sito ba sa zama iri ɗaya: tsayin da ya ishi gwangwanin tumatir a watan Safar ba zai ishi jarkar mai a Sha'aban ba. Sandunan na zuwa daga kusan rabin mita har mita biyu, hannayen kuma akwai na santimita 17, 22, 27, 32, 37 da 47.

Ba duka ƙarfen ne ɗaya ba, ko da launinsu ɗaya. A shago a ɗauki sanda a riƙe ƙarshenta biyu a gwada murɗa ta. In ta bi hannu, gwangwani ce, a ajiye. A saƙala hannu a rami a danna bakinsa: mai kyau yana zama daram, bakin ma ya ɗan ɗaga sama kaɗan, an yi shi haka ne don in nauyi ya hau ya daidaita. Wanda tun babu kaya bakinsa ke kallon ƙasa, da kaya sai abin da ya ƙaru. A kuma sayi sanda da hannu na kamfani ɗaya a lokaci ɗaya. Bambancin milimita guda a faɗin rami ya isa ya sa hannu ya ƙi shiga, ko ya shiga yana lilo, kuma wanda ya dawo bayan shekara neman ƙarin hannu biyu ba lallai ya sami irin nasa ba. Gara a sayi biyu ko uku na ajiya tun farko. A tambayi mai shago ko kuɗin da ya faɗa har da haraji, don tun Yulin 2020 kashi 15 cikin ɗari ne, kuma a kan tarin ƙananan kaya yana jin jiki.

Sai maganar sukuru, wanda a nan ake ce wa burgi, da robar da ake cusawa a rami, wato fisha. Sunan ya samo asali ne daga Artur Fischer, Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a 1958, kamar yadda kowane babban injin huda kankare ya zama hilti a bakin ma'aikata. Abin da ake sakowa cikin leda, in ma an sako, yawanci fisha ce mai milimita 6 da sukuru da bai wuce santimita 4 ba. A yi lissafi. Kaurin sandar kanta ya kai santimita ɗaya da ɗan wani abu. Yaɓen siminti, liyasa, yakan ci ɗaya da rabi zuwa biyu. In akwai tayil, a ƙara wani santimita ɗaya da turminsa. Me ya rage ya shiga bulo? Kusan babu. Kanta ta rataya a jikin yaɓe ke nan, yaɓe kuwa ba ya riƙe nauyi, ɓarewa yake yi. Abin da ya dace shi ne fisha mai milimita 8, bakin direl mai 8, da sukuru mai kaurin milimita 5. In bangon yaɓe ne kawai mara kauri, fisha mai tsawon santimita 4 ko 5 da sukuru mai 7 sun wadatar. In yaɓen mai kauri ne ko akwai tayil, a nemi doguwar fisha mai 6 da rabi da sukuru mai 8 ko 9. Ƙa'idar ita ce tsinin sukuru ya fasa ƙarshen fisha ya wuce da kamar rabin santimita, don sai ya wuce take buɗewa gaba ɗaya. Baƙin sukurun nan na allon jibis, mai arha da ake aunawa da kilo, kada a kusance shi: yana da gautsi, karyewa yake ba lanƙwasa ba, kuma a iskar Jidda wata kaɗan ya yi tsatsa.

Bangon ne zai faɗi sauran. A ƙwanƙwasa shi, sannan a huda rami ɗaya na gwaji a inda sanda za ta rufe, a dubi ƙurar da ta fito. Ƙura ja, jan bulo ne na yumɓu mai ramuka a ciki. Toka-toka kuma direl ya yi tafiya kaɗan sai ya faɗa fanko, bulon siminti ne mai rami. Toka-toka mai tauri da ya ƙi ci, ginshiƙin kankare ne. Fara sol mai laushi kamar alli, allon jibis ne ko farin bulon nan mara nauyi. A jan bulo da bulo mai rami kuskuren da aka fi yi shi ne kunna dukan direl. Dukan yana farfasa siraran bangayen cikin bulon, ramin ya fi fisha faɗi ta baya, sai a ga sukuru yana ta juyawa bai kama ba. A kashe duka, a bar shi ya yi juyi kawai, ko da zai ɗauki lokaci. A kuma sayi fisha irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙulli a bayan fatar bulo in ta sami fanko, ba mai tsaga biyu kawai ba. A kankare kam sai hilti, kuma in baki ya ci karo da rodi a tsaya a matsa sama ko ƙasa, kada a yanke shi. Farin bulo mara nauyi yana da tasa fisha mai manyan fukafukai. Allon jibis, wanda kaurinsa bai wuce milimita 12 da rabi ba, shi ne wurin da ba mu ba da shawarar wannan kanta sai in sandunan sun dace da ƙarafan da ke bayan allon, waɗanda ake jerawa kowane santimita 40 ko 60. Ɗan maganaɗisu zai nuna inda kawunan sukurunsu suke. In ba su dace ba, a haƙura da kantar bango.

Dalilin wannan tsanani kuwa, nauyin da ke kan kanta ba ƙasa kawai yake ja ba, fizgo sukurun sama yake yi daga bango. A ɗauki kanta mai zurfin santimita 30 da kilo 30 a kai. Tsakiyar nauyin yana santimita 15 daga bango. In kusurwar ƙarfe ce ta talakawa, zawiya, wadda sukurunta na sama ke santimita 15 daga inda ta dogara, to kilo 30 ɗin nan cur ne ke ƙoƙarin zare sukurun saman. Yaro ya rataya a bakin kanta, nauyinsa ninki biyu yake zama a wurin sukuru. A nan doguwar sanda ta yi wa zawiya fintinkau, domin tana raba fizgar a kan sukuru biyar ko shida masu nisa da juna. Amma fa sai an cike kowane ramin sukuru da ke jikinta. Masu gaggawa sukan ɗaura na sama da na ƙasa su bar na tsakiya, sai sanda ta yi ciki ta baro bango daidai inda hannu yake. Haka nan kada a saƙala hannu a ramin da ya fi sukurun ƙarshe tsayi.

Katako shi ne wuri na biyu da ake cutuwa. Allon da ake yankawa a wurin najjar, wato kafinta, tsawonsa santimita 244 ne, faɗi 122. Ga sito kada a sauka ƙasa da kaurin milimita 18. Farin allon nan na garin katako mai rufin melamin yana da sauƙin gogewa kuma ya fi arha, sai dai ba ya son tazara: in hannu da hannu suka wuce santimita 50 zuwa 60, zai lotsa. Ba ranar farko ba, shi ya sa ake ruɗuwa. A hankali yake sunkuyawa ƙarƙashin nauyi, zafi da damshi kuma suna gaggauta shi, siton da babu na'urar sanyi a Makka kuwa kowa ya san yadda yake a watannin zafi. Da ya lotsa ba ya miƙewa. Filawud, allon falle-fallen katako da aka manne, mai 18 yana jure tazarar 75 zuwa 80. Lotsawa ba ta bin tazara sannu a hankali: in nauyi ɗaya ne aka ninka tazara biyu, lotsawar sau takwas take ƙaruwa. Saboda haka a bango mai faɗin santimita 120, sanda uku za a sa, ba biyu ba, ɗaya a tsakiya, biyu kamar santimita 10 daga kowane gefe. Kuɗin sanda ta uku da hannayenta bai kai na sake sayen allo ba. Araha dai ba ta ado.

Allo ɗaya yana fitar da kanta takwas masu zurfin 30 da tsawon 120, ko da an cire abin da zarto ke ci. In filawud ne a ce wa najjar ya fara tsaga shi ta tsawo gida huɗu, sannan ya raba kowanne biyu, don zanen itacen ya bi tsawon kanta. In ya yanka ta faɗi, adadin ɗaya ne amma ƙarfin ya ragu. A auna faɗin sito a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta a rage santimita 2, domin bangon da aka yi wa yaɓe da hannu ba ya miƙewa sak, kuma allo mai rufin melamin ba ya yankuwa da zarton gida ba tare da ya ɓaɓɓalle ba. A sa ya liƙa robar baki a gefe huɗu duka. Da yawa na gaba kawai suke liƙawa don shi ake gani, alhali ta gefen baya da ba a rufe ba ne damshi ke shiga, allo ya kumbura kamar burodi. Buɗaɗɗen gefe kuma yana shan manja da man shanu in sun zuba, yana riƙe warin daddawa har abada. Tun ran gini ran zane, a injin najjar aikin minti kaɗan ne, a gida kuwa wahala ce. Filawud tsirara a shafa masa banish hannu biyu, gaba da baya da gefuna, a bari warin ya fita kafin abinci ya hau.

Wajen jera kaya mutane kan raina nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Katan mai kwalba 40 ta mililita 330 ya haura kilo 13, babbar gorar ruwa ta na'urar sha kusan kilo 19, jarkar Zamzam mai lita 5 kilo 5 da 'yan kai. Katan uku a kanta ɗaya sun kai buhun shinkafa mai kilo 40, wanda babu mai hankalin da zai ɗora a kantar bango. Shi da gorar ruwa wurinsu ƙasa, a kan ɗan dandamali mai tsayin santimita 10 don ruwan wanke daɓe kada ya taɓa su. Don haka kanta ta farko ta fara daga santimita 55 ko 60 daga ƙasa. Ita ce za ta zama mai zurfi, hannu mai 37, ta ɗauki buhu mai kilo 10 da mai da sukari da gari, a tura masu nauyin kusa da bango kuma daidai kan hannu. Na tsakiya, daidai ido, hannu mai 27 ya isa, tsakaninsu santimita 35 in kwalabe ne, 22 in gwangwani ne. Na sama su fi siranta, 22, a ɗora marasa nauyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, tsamiya, taliya. Ta ƙarshe kada ta wuce santimita 180. Hannu mai 47 ba mu ga amfaninsa a sito ba. Yana ƙara fizgar bango, abin da ya shige can baya sai an tuna da shi bayan ya lalace, kuma yana cinye wurin tsayuwa. A bar aƙalla santimita 60 na tsayuwa, a buɗe ƙofar sito har ƙarshe a ga inda take kaiwa kafin a sa alama ko ɗaya a bango.

Ɗaurawar ba ta wuce aikin yamma ɗaya ga mutum biyu. Kafin komai a dubi makunnin wuta da soket: waya tana tafiya ne a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga gare su, a kauce wa layukan. Bangon da bayansa banɗaki ne ko wurin wanke-wanke yana iya ɗauke da bututun ruwa, kuma bututun roba ba ya yi wa direl gardama, sai dai a ga ruwa. Wutar gida volt 220 zuwa 230 ce, a sauke makashin ɓangaren kafin huda, in direl mai batir ne, in kuma mai waya ne a jawo wuta daga wani ɗaki. A fara da sanda ɗaya: a huda ramin sama kawai, zurfinsa ya fi fisha da santimita ɗaya, a busa ƙurar ta fita don ƙura na hana fisha kamawa, a ɗaura sukuru sako-sako. Sanda za ta rataya da kanta, a daidaita ta da ma'aunin ruwa, mizan, a yi alamar sauran ramukan ta cikinta, a kautar da ita gefe a huda. Sanda ta biyu ita ce wurin da aiki ke lalacewa. Kada a auna tsayinta daga daɓe, domin daɓen kicin an karkata shi zuwa magudana. A saƙala hannu a rami na biyar, misali, a sandar farko, a saƙala wani a rami na biyar a ta biyu, a gitta katako a kansu, a ɗora mizan, a ɗaga ko a sauke har kumfar ta tsaya tsakiya, sannan a yi alama. A kula kuma sandunan suna da kai da gindi, in aka juya ɗaya ramukan ba za su yi daidai ba. Inda bango ya yi kwari a cusa ɗan falle na katako ko wasa, zoben ƙarfen nan na sukuru, a bayan sanda, kada a matse ta da sukuru har ta lanƙwashe. A tayil a manna tef a wurin don baki kada ya zame, a huda da bakin tayil babu duka har sai an wuce shi, a nisanci gefensa da santimita biyu ko uku, a tura fisha ta shige ƙasan fuskar tayil don buɗewarta kada ta tsaga shi. Daga ƙarshe a ɗaure katako da hannu ta ƙasa da gajeren sukuru. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai ran da aka dafa bakin kanta allo ya tashi da duk abin da ke kansa.

Aibinta na gaskiya guda uku ne. Sanda tana tura allo gaba da kamar santimita ɗaya, sai rata ta zauna a baya, ledar yaji da sandar taliya su riƙa zurarewa. Maganinsa a liƙa siririn katako a bakin baya, ko a sa najjar ya fafe gurbin sanda. Na biyu, cikin sandar fanko ne, ramukan kuma ƙofofi ne, ƙananan kyankyasai na kicin suna son irin wurin. Ba ya gyaruwa gaba ɗaya, sai dai kayan gari da hatsi su zauna a robobi masu murfi, a riƙa bi da injin shara lokaci lokaci. Na uku tsatsa. Fentin yana da kyau har sai an yanke sanda ko an karce ta. A Riyad ko Madina ba abin damuwa ba ne sosai, amma a Jidda, da damshin Bahar Maliya, duk inda aka yanka a ɗiga fenti, kuma kada a ajiye buɗaɗɗen gishiri ko ruwan wanki mai bilic a jikin ƙarfen. Tukunyar gas ma ba wurinta ba ne rufaffen sito, ko da kanta ko babu.

Wanda sitonsa lungu ne mai bango uku da faɗinsa bai kai santimita 80 ba, ba ya bukatar wannan ƙarfe: ya ɗaura siraran katako masu santimita 2 da 4 a bangon uku ya ɗora allo, ya fi arha kuma ya fi ƙarfi, sai dai ba ya matsawa. Kantar LACK ta IKEA, mai ɓoyayyen hannu, ta falo ce. Kaurinta na ido ne, cikinta takarda ce mai siffar saƙar zuma, ba a yi ta don buhu ba. OMAR ɗinsu kuwa, ta ƙarfen waya mai tsayuwa da ƙafafunta, faɗi 92 zurfi 36, ita ce abokiyar takarar gaske ga ɗan haya: iska na ratsa ta, ƙafafunta na murɗuwa su bi karkataccen daɓe, in za a tashi a kwance ta a tafi da ita. Ƙananan kwalabe ne ke tangaɗi a kan wayar sai an shimfiɗa wani abu, kuma in gidan da yara ita ma sai an kama ta da bango ta sama.

Sanda uku masu rami biyar biyar, rami goma sha biyar ke nan a bangon wani. Kafin a huda a duba abin da kwantiragin Ejar, wato yarjejeniyar hayar da aka yi wa rajista a shafin gwamnati, ya ce game da gyara, a kuma nemi yardar mai gida a rubuce, ko da ta saƙon waya ce. Rami a yaɓe ana cike shi da ma'ajun, ƙullun toshe rami, a shafa fenti ya ɓace, rami a tayil ba ya ɓoyuwa, shi ne ke jawo rigima ran tashi. Bayan an ɗora kaya da sati biyu a koma da sukundireba a taɓa kowane sukuru, musamman na sama. Wanda ya ƙara juyi kaɗan ya tsaya, lafiya. Wanda ya ci gaba da juyawa, fisha ta saki: a sauke kayan, a zare ta, a buɗa ramin zuwa milimita 10 a sa babbar fisha da sukuru mai kaurin 6, in dai ramin sandar zai ɗauke shi, in ba haka ba a matsar da sandar gefe da santimita 5 a sake sabon layi.